Ranar da Ladan Ya Kawo Fitsarinsa

Jiya na ji ɗayanku yana cewa aikin ɗakin gwaji ai ba aiki ba ne: a tsoma 'yar takarda cikin fitsari, a duba launin da ta rikiɗa, a rubuta, a miƙa ta taga. Ban ga laifinsa ba, don abin da ya tarar ke nan. Amma tunda yau ba ranar kasuwa ba ce, benci babu kowa, kuma saura mako biyu ku koma makarantarku, ku gyara zama ku ji yadda sana'ar take.

Ni a hannun Baba Modu na koya. Babarbare ne, amma a Kano aka haife shi, iyayensa ne suka zo da daɗewa. Dogon mutum ne mai tabarau da aka ɗaure ƙafarsa da zare. Ranar da aka turo ni wurinsa da takardar makaranta a hannu, ko kallonta bai yi ba. Ya nuna min wata roba cike da ƙananan gilasai, irin waɗannan da muke shafa abin gwaji a kai, ya ce in wanke. Wata uku ina wanki. In na gama sai ya ɗaga guda ɗaya ya duba a hasken taga, in ya ga ko ɗigon maiƙo ya mayar da su duka cikin ruwa. Ya ce gilashi mai datti ƙarya yake yi, kuma sunanka za a rubuta a ƙarƙashin ƙaryar.

Kayan aikinmu a lokacin ba su cika tebur ɗaya ba. Akwai madubin gwaji mai ido ɗaya, ba ya amfani da lantarki, a ƙarƙashinsa akwai wani ɗan faifai mai sheƙi da ake juyawa ya kamo hasken rana. Saboda haka aikinmu daga hantsi ne zuwa la'asar, in hadari ya haɗo da damina sai a jira. Akwai injin juya fitsari na hannu, kana murza shi kamar mai markaɗe har kafaɗa ta yi tsami. Akwai fitilar sipirit, 'yar ƙaramar wuta ta gasa gilashi. Sai kwalabe huɗu na rini: shuɗi, aidin, ruwan wankewa, da ja.

Rinin nan shi ne zuciyar sana'ar. Za ka shafa abin da aka kawo a gilashi, ya bushe, ka gifta shi kan wuta sau uku. Ka zuba shuɗi, ka bi shi da aidin, wanda shi ne ke ɗaure shuɗin. Ka wanke, sannan ka zuba ja. Wasu ƙwayoyin cuta sukan riƙe shuɗi, wasu su sake shi su ɗauki ja. Ƙwayar ciwon sanyin da ake ɗauka wajen kwanciya ja take fitowa, biyu-biyu suna fuskantar juna kamar wake da aka tsaga, a cikin ƙwayoyin mugunya. Kowace safiya, kafin ya taɓa abin kowa, Baba Modu yakan sa tsinke ya kankaro dattin haƙorinsa, ya shafa a gilashi, ya rina. A bakin ɗan Adam akwai masu shuɗi akwai masu ja. In ya leƙa ya ga launi biyu, rini lafiya lau. In ya ga ɗaya, ranar ba za a rubuta wa kowa komai ba.

Da aka kawo ni wannan asibitin na yankin Minjibir, ni kaɗai ne a ɗakin gwaji. Masu ciki ba su da wahala. Yaran da ke wanka a kududdufi su kwaso tsargiya ma ba su da wahala, har rige-rigen cika kwalba suke yi. Masu wahala su ne magidanta. Namijin da farin ruwa ke fito masa a gaba, ko wanda zai tsuguna ya daɗe fitsari bai zo ba, ba ya shigowa kai tsaye. Zai zauna a ƙarshen benci ya bar kowa ya wuce. In ya zo taga zai tambaye ka gida, ya tambaye ka damina, sannan ya ce wani abokinsa ne ba shi da lafiya. Kada ka yi dariya, kuma kada ka nuna ka gane. Ka ba shi kwalba ka ce ya kai wa abokin, ban-ɗaki yana nan baya. Wanda fitsari ya ƙi zuwa masa kuma, in ka tsaya a bakin ƙofa kana jiransa ka ƙara ɗaure shi. Ni buta nake ɗauka in koma bayan katanga, in riƙa tsiyaya ruwa a hankali cikin kwano. Ƙarar ruwan takan taimaka. Wannan babu shi a littafinku.

Mummunar shekarata ita ce wadda aka yi amai da gudawa da damina. Mutane kwance har ƙarƙashin darbejiya, ni ne gwaji, ni ne taya sa ƙarin ruwa. Rinina ya ƙare, aka kawo sabo daga wani ɗan kwangila da ban taɓa ganin fuskarsa ba. Don aiki ya yi yawa, na daina gwajin haƙorin nan na safe. Na ce ai sabuwar kwalba ce.

A cikin wannan hargitsi wani tela mai suna Haladu ya zo, saurayin magidanci, shekararsa ɗaya da aure. Ruwa yana fito masa, fitsari yana masa zafi. Na rina, na leƙa, na ga jajayen ƙwayoyi zagaye, wasunsu biyu-biyu. Na rubuta ciwon sanyi. Ya tambaye ni ta ina ake samunsa, na faɗa masa yadda aka koya mana. Ya ninke takarda ya tafi.

Sai bayan an yi girbin gero, aiki ya lafa, wata safiya na sa tsinke a haƙori. Na leƙa, komai ja. Na sake, ja. Ashe aidin ɗin nan ruwa ne kawai mai launi, ba ya ɗaure komai. Duk abin da na rina wata huɗu ja yake fitowa, ko shi ne ko ba shi ba. Na buɗe littafin marasa lafiya na fitar da sunayen duk wanda na rubuta wa wannan ciwo, na hau keke na bi su ƙauye-ƙauye. Yawancinsu suka ce ai sun sha magani sun warke, Allah ya kiyaye gaba. Haladu na same shi a kan kekensa na ɗinki. Shi bai taɓa neman mata ba, don haka da ya koma gida ranar, matarsa ya tuhuma. Ta yi rantsuwa, bai saurara ba, ya sake ta. Ta gama idda, ubanta ya rantse ba za ta koma gidan da aka yi mata wannan ƙazafi ba. Na gaya masa gaskiya: ban ce ba ciwon ba ne, ban ce shi ne ba, ban sani ba, kuma a ranar da na rubuta ma ban sani ba.

Bai ɗago kai ba. Ya ƙarasa layin da yake ɗinkawa, ya ciji zare, ya ce, "To Malam, yanzu me zan yi da wannan maganar?"

Na hau kekena na dawo asibiti. Na ji daga baya matar ta yi aure wajen Shanono. Tun daga shekarar ban sake buɗe taga ba sai na ga launi biyu.

An yi shekaru bayan wannan, wata ranar kasuwa, gyaɗa ta kusa cira, Malam Ɗanjuma ya zo. Manomi ne, kuma shi ne ladan na masallacin wani ƙauye da ke gabas da mu. Ya haura sittin da biyar. Kowa ya san muryarsa, don tun kafin a sa lasifika ana jin kiransa har ƙauye na gaba. Tun hantsi na gan shi a ƙarshen benci da carbi a hannu. Sai da kowa ya watse, azahar ta kusa, sannan ya taso. Shi bai ce abokinsa ba. Ya ce in rufe taga, in buɗe masa ƙofa.

Ya zauna a kan wannan kujerar da kake kai. Ya ce kusan shekara guda ke nan in ya tsuguna sai ya daɗe kafin fitsari ya zo, in ya zo kuma siriri, yana yankewa, ya tashi yana jin bai gama ba. Ya ɗauka tsufa ne. To wata uku da suka wuce sai wani ruwa mai kauri ya fara ɓata masa wando. Ya yi alwala, kafin ya kai masallaci ya ji danshi. Ya kasa natsuwa da tsarkinsa, ya ce wa liman maƙogwaro ne ke damunsa, ya bar wa wani kiran salla. Ya je tasha wajen masu sayar da magani a bayan mota, inda ba a san shi ba. Mai maganin ya ba shi kafso da saiwoyi, ya ce masa ciwon sanyi ne, kuma a jikin mace ake ɗaukarsa.

Nan carbin ya tsaya a hannunsa. Sannan ya ce shekara arba'in da wani abu suna tare da Yahanasu, ita kaɗai ce matarsa, kuma Allah shaida ne bai taɓa sanin wata ba. In ba shi ya jawo ba, saura wa? Wata biyu ke nan bai ci tuwonta ba, a gidan ƙaninsa yake ci. Bai ce mata komai ba, ita ma ba ta tambaya ba. Kullum sai ta ajiye masa kwano a ƙofar ɗaki, kullum a ɗauke shi yadda yake.

Ya sa hannu a aljihun rigarsa ya fito da wata takarda a ninke, ya ɗora a gwiwa.

"Malam Garba, an ce kai kana gani da ido. Ka duba. In shi ne, ka faɗa min kawai. Na riga na rubuta."

Na ce, "Baba Ladan, mayar da ita aljihu. Ba a yin wannan aiki da takarda a kan gwiwa."

Na tambaye shi yaushe ya yi fitsari na ƙarshe, ya ce tun safe. Hakan ya yi min daidai. Na ba shi gilashi na nuna masa yadda zai ɗiga ruwan a kai, na ba shi kwalba ta fitsari. Gilashin bai ɗauki lokaci ba. Fitsarin kuwa buta biyu na tsiyaye a bayan katanga kafin ya fito da rabin kwalba, gurɓatacce kamar tsarin shinkafa, mai wari.

Na riga na yi gwajin haƙori da safe, amma na sake yi a gabansa. Ya ga ina sakace, ya dube ni kamar wanda ya taɓu. Na ga launi biyu. Sannan na rina nasa, na ɗiga man da ke sa madubi ya gani sosai, na juya faifai ya kamo rana. Mugunya ce cike da fili. Na bi gilashin layi-layi daga gefe zuwa gefe, ina neman waken nan mai tsaga biyu. Babu. Abin da ke ciki jajayen ƙwayoyi ne dogaye, kamar gutsattsarin kara. Na juya fitsarin a inji na duba abin da ya kwanta a gindi, su ne dai birjik. Na rina gilashi na biyu da na uku. Aka kira azahar, muka yi salla a nan cikin ɗaki, na koma na ƙarasa.

Na gaya masa abin da na gani, ban ƙara ba, ban rage ba. Na ce ƙwayar da mai maganin tasha yake nufi ban gan ta ba. Wadda na gani irin ta cikin hanjin kowa ce, takan hau hanyar fitsari ta yi gida a inda fitsari ya kwanta. Akwai wani ƙullutu a ƙasan mafitsarar kowane namiji, in shekaru suka ja yakan kumbura ya matse hanya. Fitsari ba ya fita duka, ya zama kamar kududdufin da ba shi da mafita, ya ruɓe, ƙullutun ma ya kamu ya riƙa fitar da mugunya. Na kuma ce masa madubina ba kowace cuta yake gani ba, likita a birni ne zai tabbatar, amma abin da ke gabana ya dace da shekarunsa da duk abin da ya lissafa min, kuma babu hannun mace a ciki. Na ce ya zo ya leƙa da kansa, gani ya kori ji.

Ya cire hula ya sa ido. Na san ba zai gane komai ba, amma ya daɗe a sunkuye. Da ya ɗago sai ya tambaye ni ko fitilar nan tana da wuta. Na kunna masa. Ya fito da takardar ya riƙe ta a kai har ta cinye zuwa yatsunsa, ya murje tokar da takalmi.

Na kai shi wajen malamin asibiti, babbanmu, ya ba shi maganin da ya dace, ya rubuta masa takardar zuwa birni. Ni kuma na ce masa akwai sauran aiki guda, ya gaya wa Inna Yahanasu. Ya ce to. Bai gaya mata ba, birnin ma bai je ba. Ya sha magani, ruwan ya ɗauke, ya koma cin tuwon gida ba tare da ya ce komai ba. Birni kuma ya ce sai an cire gyaɗa, gona ba ta jira.

Bayan kamar mako uku, da rana tsaka, aka kawo shi a amalanke daga gona. Tun daren jiya ko ɗigo bai fita ba, amma da safe ya ɗauki fartanya ya tafi. Mararsa ta kumbura ta yi tauri kamar ƙwarya, zufa tana zuba, yana ta salati. Yahanasu tana biye da amalanken a ƙasa, 'yar gajeruwar tsohuwa, ƙafafunta duk ƙasar gona. Malamin asibiti ya fitar da kowa, ya ce in riƙe masa. Ya zura robar fitsari a hankali, ta tsaya a daidai ƙullutun, ya jira, ya ƙara turawa, ta wuce. Fitsari ya taho ya cika jaka, muka zubar, ya sake tarawa. Ladan ya saki dogon numfashi, ya ce ashe fitsari ma ni'ima ce da bai taɓa gode wa Allah a kanta ba.

Na koma ɗakina. Can sai na ji ana ƙwanƙwasa taga a hankali. Inna Yahanasu ce. Ta gaishe ni, ta duba hagu da dama, ta rage murya.

"Ɗan nan, an ce kai ka duba shi kwanaki. Don Allah ka faɗa min gaskiya, ba zan gaya wa kowa ba. A ina Malam ya kwaso wannan ciwo?"

Ku riƙe wannan: sakamakon mutum nasa ne, ko matarsa ba a ba ta sai da izininsa. Na ce ta ɗan jira ni. Na je na same shi kwance da roba, na gaya masa abin da ta tambaya. Ya rufe ido, ya ce in kira ta, in yi bayanin a gabansa.

Ta shigo ta zauna a ƙasa kusa da gado. Na maimaita mata duk abin da na gaya masa, ƙullutu da kududdufi da shekaru. Na ce ciwon dattawa ne, ba a kwaso shi a wajen kowa. Ta saurara har na gama, sannan ta juya wajensa. Ta ce wata uku tana wanke wandunansa a ɓoye, tana shanya su a cikin ɗaki don kada surukarsu ta gani. Ta san abin da mata ke faɗa a kan irin wannan tabo. Ta ɗauka shi ne shaiɗan ya rinjaya da tsufansa, kuma kunya ce ta hana shi cin abincinta. Ta yanke wa kanta ba za ta tona masa asiri ba, ladan ne, yana da jikoki.

Da na san abin da zai biyo baya da na fita. Ban kai ƙofa ba ya fara magana. Ya gaya mata abin da mai maganin tasha ya ce, da abin da shi ya zata, da dalilin barin tuwon. Har takardar bai ɓoye ba.

Ba ta yi kuka ba, ba ta ɗaga murya ba. Ta tashi ta fita, ta zauna a gindin darbejiyar can, ta juya wa asibiti baya. Har aka yi la'asar tana nan. Malamin asibiti ya ce lalle yau su tafi birni, kuma motar ƙarshe ta kusa tashi. Ɗansu babba yana ta kai da kawowa, bai san abin da ya faru ba. Sai ga ta ta dawo. Ta tsaya a kansa ta ce:

"Malam, ni na zarge ka, ban daina yi maka tuwo ba. Kai ka zarge ni, ka daina ci."

Ba ta jira amsa ba. Ta sunkuya ta ɗauki jakar fitsarin, ta tambaye ni yadda ake riƙe ta. Na nuna mata a ƙasa da mara ake riƙewa, kada ta ɗaga sama fitsari ya koma. Ta sa ta a ƙarƙashin mayafinta don kada mutanen mota su gani, ta bi shi a hankali, taku ɗaya-ɗaya, har bakin titi.

A birni likita ya tabbatar da ƙullutun ne. Ya yi makonni da roba, daga baya aka yi masa aiki. Kafin azumi ya dawo kiran salla, murya tana nan yadda take. Wata ranar kasuwa ya biyo ta nan, wannan karon bai jira benci ya watse ba. Ya ce fitsari yanzu kamar na yaro, kafin ya gama tsugunawa ya zo. Ya ce ya turo dattawa biyu daga sahun farko, in sun zo suka ce abokinsu ne, in yi haƙuri da su.

Na tambaye shi Inna. Ya shafa gemu, ya ce tun daga ranar, in ban da gaisuwar safe da "ga ruwan alwala", ba ta ƙara masa kalma ba. Ya ba ta haƙuri, ya sa ƙaninsa ya ba ta haƙuri, ta ce ta ji. Na ce to yanzu yaya ke nan?

Ya ce, "Sai jira, Malam Garba. Ita ta jira ni wata biyu da kwano a ƙofar ɗaki. Maganar ce dai ta yanke. Tuwon bai yanke ba ko kwana ɗaya, kuma ni yanzu ko loma ba na ragewa."